Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin Masallacin Zariya Da Hannayen Da Suka Taya Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan ana lissafa mazajen da suka raya ƙasar Hausa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunayen da suka fi saurin zuwa baki su ne na malamai da sarakuna da sadaukai. Ba kasafai ake tunawa da masu sana'a ba, alhali kuwa malamin da ya karantar a cikin zaure ya zauna, alƙalin da ya yanke hukunci a ƙarƙashin rufin soro ya yanke, limamin da ya yi huɗuba kuma a masallacin da wani ya gina ya tsaya. Daga cikin waɗannan masu sana'a akwai mutum guda da sunansa ya ƙi ɓacewa, shi ne Muhammadu Durugu, wanda a wasu rubuce-rubuce ake kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Shi ya jagoranci ginin Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda masana gine-gine na gida da na waje suka sanya a sahun farko na abin da aka taɓa ginawa da ƙasa a Afirka ta Yamma. Rayuwarsa tana da darasi ga duk al'ummar da ke shirin aza harsashin masallaci ko makaranta a yau, domin ingancin aikinsa ya fito ne daga yadda ya haɗa ilimin mutane masu yawa a bango guda.

Zamanin Da Ya Tashi A Ciki

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sannan aka kafa Sakkwato a 1809. A ƙasar Zazzau, Malam Musa ne ya shigo da tuta, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Malam Musa ya yi mulki zuwa 1821, Yamusa ya gaje shi zuwa 1834, sannan sarauta ta koma hannun Abdulkarimu na gidan Katsinawa, wanda ya riƙe ta har 1846.

Bayan ƙurar yaƙi ta fara lafawa, sai aka shiga zamanin gini. Yakubu ya kafa birnin Bauchi ya zagaye shi da ganuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno. A arewa maso yammacin Kano kuwa, Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautarsa a 1819, ɗansa Dambo da ya gaje shi a 1824 ya zaunar da sarautar a garin Kazaure. Kowane sabon gari yana bukatar ganuwa da ƙofofi, da gidan sarki, da ɗakin shari'a, da masallacin da zai ɗauki jama'ar Juma'a. Shugabannin jihadi ba su ɗauki wannan a matsayin shagalin duniya ba. A cikin littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Muhammadu Bello ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, tare da gina garuruwa da gyara kasuwanni da hanyoyi. A irin wannan yanayi ne magini mai basira zai iya tashi daga bakin kududdufi ya kai ga zama a gaban sarakuna.

Laƙabin Da Ya Rinjayi Suna

A tsarin sana'ar gini ta Hausawa, yaro yakan fara ne da ɗebo ruwa da taka ƙasa, sannan ya koyi murza tubali, ya koyi jefa shi sama ga wanda ke kan bango, kafin a bar shi ya hau bango da kansa. Bayan shekaru sai a amince masa da yaɓe, daga baya rufi. Wanda ya iya ɗaure bakan gizo har ya haɗa shi a sama ba tare da ya tsage ba, shi ake kira gwani. Kalmar nan ita ce dai ake ba mahaddacin Alƙur'ani da ya ƙware har ya san adadin kowace kalma da inda ta zo, kuma wannan ya nuna darajar da Bahaushe ya ba ƙwarewa a duk inda ta bayyana. A kan gwanaye akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada, ya sasanta rikici, ya kuma ɗauki laifi idan gini ya rushe.

Muhammadu Durugu ya wuce duk waɗannan matakai har aka kira shi Babban Gwani, wato gwanin gwanaye. Labarin da magina na Zazzau suka gada yana danganta laƙabin da fadar Sakkwato da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Laƙabin ya bi shi har ya rinjayi sunansa na yanka, ya zama sunan unguwa a cikin birnin Zariya, ya kuma zama sunan wasu ɗakunan da ake danganta masa a garuruwa masu nisa. Zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sana'ar da shugabancin magina a Zariya bayan rasuwarsa.

Masallacin Juma'a Na Zariya

A tsakiyar shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, aka ɗora masa aikin da ya fi kowane ɗaukaka sunansa. An tsara wurin a matsayin haraba guda mai katanga, wadda ta ƙunshi babban ɗakin salla, da zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a, da fili na waɗanda ba su sami wuri a ciki ba. Ba a yi masa doguwar hasumiya irin ta Gobarau da ke Katsina ba. Daga waje bangonsa ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Duk gwanintar tana ciki.

Matsalar da ke gaban maginin ita ce wadda duk mai gina masallacin Juma'a yake fuskanta: ana son wuri mai faɗi da tsawo, inda sahu zai miƙe, iska ta zaga, muryar liman ta kai baya. Amma kayan aikinsa ƙasa ce da azara. Azara kuwa, duk da ƙarfinta da yadda gara ba ta cika cin ta ba, da wuya ta ɗauki nauyin rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba. Maganin da magina Hausawa suka samo shi ne baka. Ana kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi ta ɗan karkato ciki, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe ta da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wani jerin a kanta ya ƙara miƙowa, a sake ɗaurewa, a sake jira. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu har su gamu a sama. Idan bakuna suka gicciye juna sai su ba da ɗaurin guga, wanda a kansa ake shimfiɗa azara a zuba ƙasa, tulluwa ta fito.

Babban Gwani bai ƙirƙiro baka ba, ya tarar da shi. Abin da ya yi shi ne kai shi matsayin da ba a saba gani ba. Ya tayar da manyan ginshiƙai, ya fitar da bakuna daga jikinsu kamar rassa daga gindin itace, ya jera ƙubbobi a kansu, ya kuma shimfiɗa azarar rufi a bisa tsari har ta zama ado da kanta. A jikin ginshiƙan an yi zane mai tudu da kwari tun ƙasar tana ɗanya, layuka da da'irori da kusurwoyi, babu surar mai rai. Adon yana bin ƙirar ginin, yana nuna wa ido inda nauyi ya bi ya sauka ƙasa.

Mai karatu zai lura cewa kayan nan ba baƙi ba ne a tarihin Musulunci. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi a Madina, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa rassan dabino. Giginya 'yar'uwar dabino ce, tubali kuma tubali ne ko a Hijaz ko a Zazzau.

Sana'o'in Da Suka Haɗu A Bango Guda

Wanda ya kalli irin wannan gini zai ce aikin magina ne. Amma idan aka bi kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan rabin sana'o'in birni suna da hannu a ciki.

Kafin a sari ƙasa, malamai ne ke tsayar da alƙibla, wadda daga Zariya take gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Su ne kuma suka san hukuncin sahu da tsarki da wurin tsayuwar liman, kuma bisa wannan ilimi ake yanke shawarar inda ginshiƙi zai zauna da inda ƙofa za ta buɗe. Fada ce ke ba da fili da abinci da ma'aikata. Sai masu sanin ƙasa, waɗanda ke bambance jar ƙasa mai danƙo da wadda yashi ya yi wa yawa, su haƙo, a kwaɓa da ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa kafin a murza tubali a shanya. Tubalin Hausa mai faɗin gindi ne da tsinin kai, ana jera shi kansa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓi.

Azara daga daji take zuwa. Masu saran giginya sun san namiji ya fi mace ƙarfi, sun san wanda ya ƙosa, su ne ke tsaga kututture su fitar da sanduna, masu jakuna da masu ɗauka a ka su kawo gari. Igiyar da ke riƙe da baka aikin masu tufka ce, kuma idan igiya ta yi rauni tun kafin ƙasa ta bushe, duk lissafin gwani ya tashi a banza. Ƙyauren ƙofa na masassaƙa ne da maƙera. Indararon da ke fitar da ruwan sama nesa da bango shi ma wani ne ya sassaƙa ko ya gina shi.

Babban abin mamaki shi ne kariyar da ake yi wa gini daga damina. Laso, wanda shi ne simintin Bahaushe, ana haɗa shi ne da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin rijiyar marina, da gashin jima da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara da ake samowa a daji. Abin da marini ya gama da shi da abin da majemi ya zubar, su ne ke hana rufin masallaci yoyo. Makuba kuma daga kwasfar ɗorawa take, ana jiƙa ta a shafe bango ko a yi daɓe da ita, kuma daɓe a al'adar Hausa aikin mata ne. Saboda haka hatta matan da ke cikin gida suna da rabo a sana'ar.

Akwai kuma waɗanda wajibi ne a ambace su don adalci. Manyan gine-ginen sarakuna na wancan zamani sun ci ƙarfin bayi da na talakawan da ake tarawa aikin gayya. Su ne suka ɗebo ruwa, suka taka ƙasa, suka ɗauki tubali a ka cikin zafin rani. Tarihi ya riƙe sunan sarki da na gwani, ya saki nasu, amma Wanda ba Ya mantuwa Ya san kowane ɗayansu.

Mene Ne Aikin Shugaban Magina?

Idan kowa da nasa fanni, to mene ne ya sa ake kiran mutum guda Babban Gwani? Amsar tana cikin abin da babu mai iya yi sai shi. Magina na wancan lokaci ba sa zana gini a takarda. A ƙasa ake shata shi, da ƙafa da igiya da turaku, sauran kuma yana cikin kan shugaba. Shi ne ya san kaurin da bango zai fara da shi a gindi da yadda zai riƙa sirancewa yana hawa. Shi ne ya san kwana nawa za a jira kafin a ɗora sabon jeri a kan na jiya. Shi ne ke lissafin rani, domin dole a rufe gini kafin ruwan farko, in ba haka ba wahalar wata da watanni ta narke a dare ɗaya. Shi ne kuma ke da ikon mayar da azarar da ba ta ƙosa ba, ko ya sa a rushe abin da aka ɗora cikin gaggawa, ko da mai aikin yana matsa lamba.

Wannan iko ba ya samuwa sai ga wanda ya san kowane fanni gwargwadon da zai gane mai kyau da marar kyau, ya kuma san iyakar saninsa har ya saurari mai fannin. Gwanin da ya raina mai saran giginya zai karɓi azarar banza bai sani ba. Wanda ya ƙi jin maganar malami zai gina masallaci mai kyau da karkatacciyar alƙibla. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ina ga tulluwar masallaci.

Wannan tsari yana da asali a Sunna. Lokacin ginin masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki tubali tare da sahabbansa. An kuma ruwaito cewa da ya ga yadda Ɗalƙu ɗan Aliyu, mutumin Yamama, ya iya kwaɓa ƙasa, sai ya sa a bar masa wannan ɓangaren saboda ya fi saura iyawa. Mumbarinsa kuma wani masassaƙi ne, bawan wata mata, ya yi shi da itacen da aka saro daga Gaba, kusa da Madina. Shugaba yana cikin aiki, kuma kowane fanni yana hannun wanda ya fi iya shi.

Bauchi, Kafin Madaki Da Birnin Gwari

Da sunansa ya bazu, sai sarakunan wasu ƙasashe suka riƙa nemansa. A fadar Sarkin Bauchi akwai ɗakin da ake kira Babban Gwani. A Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, akwai ginin gidan Madakin Bauchi da ake danganta masa, wanda ake sanya gininsa wajen 1860, kuma yana cikin gine-ginen farko da hukuma ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun kafin samun 'yancin kai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan garuruwa, da shekarun da ke tsakanin ayyukan, suna nuna cewa abin da ya yi tafiya ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Salo ne ya yi tafiya, tare da almajiran da aka horar a kansa, kamar yadda a yau babban kamfanin zanen gine-gine yake aiki a birane da yawa da sunan wanda ya kafa shi.

Game da ƙarshen rayuwarsa, labarin da ya shahara a bakin mutane shi ne an gayyace shi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ɗaliban adabin Larabci za su tuna da irin wannan labari game da Sinimmar, wanda ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Khawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga samanta, har sakayyarsa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Al'ummu daban-daban suna ba da irin wannan labari a kan manyan maginansu, kuma abin da yake nunawa shi ne girman da mutane suka ba gwanin, da kuma tsoron da suke da shi na mai mulkin da ke son ya mallaki baiwar da Allah Ya ba wani. Idan niyyar mai kisan ita ce ya binne ilimin, to bai yi nasara ba, domin ilimin ya riga ya rabu a hannaye da yawa.

Takwaransa A Istanbul

Domin a gane cewa wannan hanya ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, ya kamata a dubi Daular Usmaniyya kimanin shekara 300 kafin Babban Gwani. A can, Sinan ya shugabanci ma'aikatar magina ta fada tsawon shekara 50, har rasuwarsa a 1588. Ya taso ne a cikin soja yana gina gadoji, daga baya ya jagoranci ginin masallacin Sulaimaniyya a Istanbul daga 1550 zuwa 1557. Littattafan kuɗin wannan aiki sun tsira, kuma suna ɗauke da sunayen masu sana'a fiye da 3,000 da ladan kowannensu, Musulmi da Kirista: masu sassaƙa dutse, kafintoci, maƙera, masu gilashi, masu aikin dalma. Ayoyin da ke bango kuma ƙwararrun marubuta ne suka tsara su. Sinan ya yi aiki da dutse da takarda da baitulmalin babbar daula, Durugu ya yi da ƙasa da igiya, amma matsayinsu ɗaya ne: mutumin da ke riƙe da surar ginin gaba ɗaya, yana sa kowane gwani ya ba da mafi kyawun abin da ya iya. Bambancin da ya fi ciwo shi ne can an rubuta sunayen ma'aikata, nan kuwa ba a rubuta ba.

Abin Da Ya Biyo Baya

Masallacin Zariya ya rayu fiye da ƙarni guda a bisa ƙa'idar ginin ƙasa, wato a duba shi kowace shekara, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, a gyara indararo kafin damina. A tsakiyar ƙarni na 20, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski, tare da ma'aikata 'yan Najeriya, ya auna shi ya zana shi dalla-dalla. Bisa wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka yi wa masallacin na Zariya sabon gini na kankare da ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar. Daga baya masana irin su Hamman Tukur Sa'ad sun zauna da magina Hausawa sun rubuta yadda suke tunani da yadda suke auna kyawun aiki.

Sana'ar kanta ba ta mutu ba. A garin Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo tubali da ruwa da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A 1986 wannan masallaci ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa ga fitattun gine-gine a duniyar Musulmi.

Sai kuma ranar baƙin ciki. A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, wasu suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana guda kafin haka, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Ginin da ya tsaya kusan shekara 190 shaida ne ga waɗanda suka gina shi, faɗuwarsa kuma tunatarwa ce cewa kowane gini amana ne da ba ta ƙarewa ranar da aka buɗe shi.

Darasi Ga Masu Gini A Yau

A garuruwanmu, daga Kazaure da Roni da Gwiwa zuwa Babura, da sauran sassan Arewa, kusan kowace unguwa tana da masallaci ko Islamiyya da ake kan ginawa da kuɗin taimako. Kayan aiki sun canja, siminti da rodi da bulo sun maye gurbin tubali da azara, amma ƙa'idar tana nan. Gini mai bene yana bukatar mai zane, da injiniyan da zai gwada ƙasa ya lissafa rodi, da mai ƙididdigar kaya, da mai haɗa lantarki, da mai aikin famfo, da malamin da zai tsayar da alƙibla, da birkilan da zai aiwatar. Abin da ya fi yawa shi ne a kira su ɗaya bayan ɗaya, bayan an riga an yi kuskuren da ba ya gyaruwa: a zuba dakali sannan a nemi alƙibla, a gama bango sannan a fasa shi don bututu, a yi wurin alwala inda ruwa zai riƙa kwanciya a gindin harsashi, a ƙara bene a kan ginshiƙan da ba a lissafa su don haka ba. Hanyar Babban Gwani ita ce a tara su tun kafin a shata ƙasa, a kuma naɗa mutum guda masani da zai riƙe aikin gaba ɗaya, wanda zai iya ce wa mai ba da kuɗi a dakata.

Kwamitin masallaci ya sani cewa rage siminti ko sirance rodi don a gama kafin azumi ha'inci ne, ko da niyyar ta alheri ce, domin rayukan masallata ne za su zauna a ƙarƙashin rufin. Shari'a ta kwaɗaitar da kyautata aiki, ta yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa, ta kuma hana cutarwa. Lebura da aka biya a kan lokaci aka kuma girmama shi, shi ne zai buɗe baki ya faɗa idan ya ga kwaɓi bai yi ba. Haka nan ladani ko mai shara da ya fara ganin tsaga a bango, maganarsa ta cancanci a ɗauke ta da gaggawa, a fitar da mutane har masana su duba. Ya kamata kuma a ware wani kaso na kuɗin masallaci don gyara na shekara-shekara, kamar yadda magabata ke sabunta yaɓe kafin kowace damina.

Ga ɗalibai kuwa, musamman masu karatun zanen gini da injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da sauran manyan makarantu, tsofaffin magina da suka iya ɗaurin baka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Zama da su da rubuta abin da suka sani hidima ce ga ilimi, kuma soron ƙasa mai sanyi lokacin bazara yana da abin da zai koya wa mai gina ɗakin kwano. Ɗalibin ilimin addini shi ma kada ya raina mai sana'a, domin gina abin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, mai yin ta da ikhlasi yana cikin ibada.

Allah Ya jiƙan Muhammadu Durugu, da sarkin da ya sa shi aiki, da malaman da suka tsayar masa da alƙibla, da duk wanda ya ɗauki tubali ko ya ɗebo ruwa ba a san sunansa ba. Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana a duk aikin da aka damƙa mana, Ya kuma tsare masallatanmu da masu salla a cikinsu. Amin.